Matakalar da Ba Ta da Mariƙi

Pines, farkon watan Mayu

Zuwa ga Emmett, nawa ni kaɗai,

Ya hasken safiyata, ya iskar tekun da ke shigo mini ɗaki ba sallama, ya katakon al'ul ɗina da gishiri ya mayar fari amma ƙamshinsa na nan daram, ya sarkin masu taurin kai na duniya! Ina gaishe ka gaisuwar mutumin da ya buɗe gida shi kaɗai, ya dafa taliyar mutum biyu bisa sabo, ya zauna yana hararar farantin da ba kowa a gabansa. Yaya jikin? Yaya hannun? Kana motsa yatsun nan kamar yadda aka ce ka yi, ko kana jira mai gashin ƙashin ta juya baya ka yi mata gwalo? Na san halinka, tsohona.

Ranar Talata na shigo tsibirin nan a jirgin fito. Na jawo 'yar jar amalankenmu daga inda muke ɗaure ta a bakin tasha, ƙafarta ɗaya na kukan da ka yi alkawarin gyarawa tun muna da baƙin gashi, na bi hanyar katako har gida. Rufin ya yi yoyo a inda ya saba yi, kada ka ce mini ba laifin zane ba ne. Barewa ta cinye furen da na shuka tas, ta kuma tsaya tana kallona kamar ni ne baƙo. Na wanke bangon gilashin nan naka daga wannan kusurwa zuwa waccan, teku ta shigo falo gaba ɗayanta, shuɗiya, tana numfashi. Sai na juya in ce maka “Zo ka gani,” na tarar da kujerarka. Wayyo Emmett! Wa zan cewa ya zo ya gani?

Na san za ka ce me ya kawo wasiƙa, alhali kowace Lahadi ina zuwa gidan ƙanwarka Maureen in zauna kusa da kai. To ai shi ya kawo ta. Maureen mutuniyar kirki ce, Allah ya saka mata, ita ta karɓe ka daga asibiti da ɓarin jikinka ya shanye, tun da ɗakinmu na birni a can ƙololuwar bene yake. Amma baiwar Allahn nan ba ta taɓa barin mu mu biyu ba. Tana nan a kusurwa da saƙarta, kunne a miƙe. Kai kuma tun da harshenka ya yi nauyi ka daina ɗaga waya, wai kada in ji ka kana laluben kalma. Ni? Ni da na shekara arba'in da ɗoriya ina sauraron munsharinka?

A bakin ƙofa ta tare ni wannan Lahadin, ina sa hula. Ta ce, “Sal, ya yanke shawara fa. Ya ce a sayar da gidan bakin teku. Ƙarshen wata zai sa hannu.” Na ce, “Shi ya faɗa da bakinsa?” Ta ce, “Da hannun hagu ya rubuta mini. Haba Sal, kai ma ka san keken guragu ba ya hawa matakalar nan. Ka tausaya masa mana.” Na fita na zauna a tashar bas, har bas biyu suka wuce ni.

Masu sayen sun zo jiya. Samari biyu ne kyawawa, Corbin da Jae, da zoben aure a yatsunsu, suna riƙe da hannun juna tun daga tasha ba ko waiwaye. Da ganin hakan sai da idona ya kawo ruwa, ban ɓoye maka ba. Suka cire takalma tun a ƙasa kamar masu shiga wurin ibada. Suka shafa bango, suka sauka ramin hirar da ka yi a tsakiyar falo suka zauna suna raɗa, suka ɗaga kai suna kallon yadda rana ke zubowa ta tagar sama. Ƙaramin ya kama hannuna ya ce, “Baba, ka kwantar da hankalinka, wallahi ko ƙusa ɗaya ba za mu taɓa ba. Yadda ya zana shi haka zai zauna.” Na ce, “Madalla, ɗana.” A raina kuwa ji nake kamar in kwaɗa masa tukunya. A nan na gane dabararka, munafuki. Ka nemo waɗanda za su riƙe maka gidan cif yadda yake, ba tabo ba ƙari. Ka gwammace ya zauna da kyansa ba mu a ciki, da a kafa masa gangara da abin dafawa mu tsufa a cikinsa.

Sunana ba ya kan takardar gidan nan. Lokacin da aka rubuta ta, lauya ya tambaye ka wane ne ni, ka ce ɗan haya, muka yi ta dariya a jirgi har wata mata ta canza wuri. Saboda haka ba ni da ikon hana ka. Abin da nake da shi ke nan, alƙalami da bakin da ka sani. Sai ka haƙura ka karanta.

Ka tuna rawar shayi, masoyina? Rawar da ba a taɓa ganin shayi a cikinta ba? Ka tuna zauren otal ɗin bakin tasha da la'asar, an sassauke labule, kiɗa na dukan ƙirji, maza fal ɗaki da warin man shafawa da gishiri? A shekarun nan namiji bai isa ya yi rawa da namiji ba, sai a kwashe mu a sa sunayenmu a jarida, mutum ya koma birni ya tarar ba aiki. Don haka sai mu yi layi kafaɗa kusa da kafaɗa, a sa mace guda a ciki, kowa ya ce da ita yake rawa. Dolores ce macen, da jan gashinta da sigari a baki, mace ɗaya da samari ɗaki guda! Can kuma a kan tsani ga wani bawan Allah da tocila yana haska tsakanin jikkuna. In haske bai wuce tsakaninku ba sai ka ji, “Kai mai farar riga, matsa! So kake a rufe mana wuri?”

Kai ne mai farar rigar. Dogo, kunnuwa kamar marfin tukunya, fensir a bayan kunne ɗaya, kana taka rawa kamar mai auna fili. Sau uku aka daka maka tsawa a kaina. Dolores ta leƙo ta ce, “Ku biyun nan, ko ku fita ko in fita, ni ba zan kwana a ofishin 'yan sanda saboda mai kunnen nan ba.” Muka fita. Ka kai ni kan wani tudun yashi da babu komai a kansa sai ciyawa da ƙaya, ka durƙusa ka ja layi da yatsa a ƙasa. Ka ce, “Nan falo. Nan gabas, duk gilashi. Ba labule.” Na ce, “Ba labule? Ka haukace? Kowa ya gan mu?” Ka ɗago ka dube ni, ka ce, “Kowa ya gan mu.” A birni ko gaisawa ba ma yi a titi ɗaya. A jirgin fito ma sai an wuce tsakiyar ruwa mutum ke sassauta wuyan riga ya dubi na kusa da shi. Kai kuwa ga ka nan kana zana mini gidan da ba shi da wurin ɓuya ko na kyanwa. Tun a kan yashin nan ka gama da ni, Emmett, ban sake zama nawa ba.

Ka gina shi kuwa. Ka ɗaga shi a kan ginshiƙai don ya leƙa teku ta saman tudu. Ka hana a shafa masa fenti, ka ce a bar iska da gishiri su yi masa launin da suka ga dama. Ka kai ɗakin kwananmu can ƙoli, inda in mutum ya farka ba ya ganin komai sai sama da ruwa. Sannan ka yi matakalar nan. Allunan katako zalla, kowanne kamar yana tsaye a kan iska, ba bango a gefe, ba abin kamawa. Masu ɗaukar hoto sun zo daga ƙasashe saboda ita. Ni kuwa tun ranar farko na ce, “Ina mariƙi?” Ka ce mariƙi zai yanke layin. Na ce, “Layin zai yanke wuyan wani.” Muka yi faɗan da har na kwashe kayana na tafi gidan Dolores, na kwana biyu, na dawo saboda na san ba ka iya dafa ko ƙwai ba. Kowace bazara sai mun maimaita faɗan nan, har ya zame mana kamar gaisuwa.

Kwanan nan ne na zauna a ƙasan matakalar na yi tunani, me ya sa mai hankali irinka, wanda ya san inda rana za ta faɗo a kowane wata, ya manta da gwiwa? Ashe ba mantawa ka yi ba. Duk cikinmu ba wanda ya san da zancen tsufa. Wa ya taɓa nuna mana tsofaffi biyu irinmu a gida ɗaya, ɗaya na neman tabarau, ɗaya na zaune a kai? Ba a gidajen iyayenmu ba, ba a coci ba, ba a ko'ina ba. Irinmu a lokacin ko su yi auren dole da kansu su ɓace, ko a tsince su su kaɗai a ɗakin haya. Dubi duk gidajen da ke kan layinmu, naka da na wasu: tsani, rami, bene a kan bene. Samari ne suka gina wa samari, don bazara ɗaya muka san muna da ita, ba mu taɓa ƙirga ta gaba ba.

Sai kuma cutar nan mai karya garkuwar jiki ta zo ta kusa gaskata mu. Ba zan jera maka sunaye ba, ka fi ni riƙe su. Gida bayan gida aka daina kunna fitila. Amma ka tuna Lucian, mai gyaran gashi, wanda ya fi kowa iya kwaikwayon muryar mutane? Danginsa suka ƙi karɓarsa, muka kawo shi nan bazararsa ta ƙarshe, ya rame har zoben hannunsa na zamewa. Na ce maka, “To yanzu fa? Yanzu za ka sa mariƙin?” Ka durƙusa ka ce, “Hau, sarauniya.” Kullum da yamma ka goya shi har sama ya ga faɗuwar rana, ka sauko da shi, yana bayanka yana kwaikwayon hakinka har kai ma ka fashe da dariya kuna tangaɗi, ni ina ƙasa na dafe ƙirji. Daga shekarar na rage yi maka gori a kan matakala, don na ga abin da ka sa a madadin mariƙin. Bayanka ne, abin ƙaunata.

To ni ma na ce bari in gwada. Kada ka yi dariya. A'a, yi abinka, na yi kewar ta.

Shekaranjiya Dolores ta zo shan kofi da sandarta. Jan gashin na nan, sai dai yanzu daga kwalba yake fitowa. Na dube ta sama da ƙasa na ce, “Lola, nauyinki zai kai na Emmett yanzu?” Ta ce, “Wace irin tambayar rashin kunya ce wannan da sassafe?” Na faɗa mata nufina. Ta ajiye kofi ta ce, “Salvatore, kai tsohon banza ne. Durƙusa.” Ta hau bayana tana ba ni umarni kamar mai tuƙa jaki. Allo na farko lafiya. Na biyu na ji wani abu ya ce ƙas a ƙuguna. A na uku muka zube zaune, ita a kaina, takalminta ɗaya ya yi tsalle ya faɗa cikin ciyawa. Muka yi dariya har numfashi ya ɗauke mana. Can sai na ji dariyar tawa ta juye, na kifa kai a cinyarta ina kuka kamar yaron da aka manta a kasuwa. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce, “Share hancinka. Na yi rawa da ku don kada a kama ku, na binne rabinku, ban yi duk wannan don in ga katako ya raba ku ba. Rubuta wa mai kunnen nan. In ba ka rubuta ba ni zan je, kuma ka san bakina.”

Ga shi na rubuta. Ba zan iya goya ka ba, Emmett. Na so, wallahi na so, na ba da bayana ya ƙi.

Ka ji ni da kyau, ni tela ne. Rayuwata duka a bayan dandali na yi ta ina ɗinka wa 'yan wasa kaya. In riga ta yi wa mai ita kaɗan, buɗe ɗinkin ake yi a ƙara ƙyalle, kuma gwanin tela shi ne wanda in ya ƙara ba mai gane inda ya ƙara. Ban taɓa ganin an kori ɗan wasa don a adana riga ba. Gidan nan don jikinmu ka yanka shi. Jikin ya canza. Shi ke nan sai mu ba wa wasu, mu koma kallon bangon Maureen mai hoton kyanwa?

Na je wurin Gus kafinta, ɗan wanda ya kafa maka ginshiƙan farko. Na ce ya yi mana gangara daga hanyar katako zuwa falo, ya sa abin dafawa, mu sauko da gado gaban gilashi. Ya cire hula ya sosa ƙeya ya ce, “Kawu Sal, ka yi haƙuri. Babana ya ce duk wanda ya buga ƙusa a gidan nan ba da zanen Maigida Emmett ba, hannunsa zai bushe. Kawo mini takarda da layinsa, ko a bayan ambulan ne, gobe in fara.” Na zage shi, na zagi babansa a kabari, ya tsaya yana murmushi. Amma a hanya na gane gaskiyarsa ce. Ni ma ba na son gangarar kowa. Taka nake so.

Zana mana ita, hasken idona. Na san hannun dama ya tafi hutu. Na hagun fa, da ya iya rubuta “a sayar”? In ya iya wannan mugun layi, zai iya mai kyau. Kai da ka sa matakala ta tsaya a kan iska, gangara ce za ta gagare ka? Ka sa ta zagaya ta bayan itacen nan da barewa ke kwana, ka sa ta yi doguwar tafiya yadda mai hawa zai ga teku kaɗan-kaɗan kafin ta buɗe masa duka, ka yi mata duk iyayin da ka ga dama. In layin ya karkace, Gus zai bi shi a karkace, ni kuma in gaya wa duk tsibirin nan da gangan ka yi, kuma ka san za su yarda, har wasu su kwaikwaya.

Saura magana ɗaya, wadda ban so faɗa ba, don ni ma ina da nawa girman kan. Kana tsammani don kai kaɗai nake roƙo? Bara da bara waccan, ka lura kullum sai in ce maka, “Yi gaba, zan kashe murhu,” ko “Hau, na manta tabarau”? Ba abin da na manta. Jira nake ka shige ɗaki, sannan in hau da hannu da gwiwa kamar jariri, ina cije leɓe kada ka ji. In na kai sama sai in tsaya in daidaita numfashi, in shigo maka ina waƙa. Gwiwoyina sun ƙare, Emmett. Tun da na zo ranar Talata ban ga ɗakinmu ba. Nan falo nake kwana a kan doguwar kujera, don ina tsoron in faɗo ba kowa a gidan. Ban gaya maka ba saboda na ga yadda kake kallon matakalar nan in rana ta bi ta tsakanin allunan, ban so in zama ni ne zan ɓata maka ita.

To ga shi ka ji. In kunya ce ta hana ka zana wa kanka, zana wa Sal ɗinka. Shekara arba'in da ɗoriya ina tambayarka mariƙi da faɗa, yau ina roƙonka da hannu biyu. Mun samu abin da Lucian da sauran ba su samu ba, mun tsufa, mu biyu, tare! Ashe ba abin a yi wa gini ba ne? Yaran nan masu zobe za su samu wani gidan. Abin da ba su taɓa gani ba shi ne tsofaffi biyu irinsu zaune a bayan gilashi ba labule, ɗaya a keke ɗaya da sanda, suna faɗa a kan gishirin miya. Kai ka ce kowa ya gan mu. Ban ji ka ce sai muna da kyau ba.

In kuma ka karanta duk wannan ka ce sai ka sayar, to sayar. Zan kulle ƙofa in miƙa makulli da hannuna, in zo in tare a gidan Maureen ko tana so ko ba ta so, in zauna kusa da kai har ƙarshe. Inda kake nan ne gidana, wannan ba ya cikin ciniki. Sai dai ka sani za ka sha mita safe da yamma, kuma yanzu ba ka da ƙafar guduwa.

Na sa fensirinka a cikin ambulan ɗin nan, wanda ka tauna wa gindi. Na feƙe shi. Ranar Juma'a zan tsaya a tasha in jira jirgin rana, da jar amalanke da matashi biyu a ciki. Gus ya ce shi da yaransa za su ɗaga ka zuwa falo a wannan karon, sau ɗaya tak, kafin a gama aikin. In kai ne ka fito, alhamdu lillahi. In takarda ce ta fito da layi ɗaya a karkace, ita ma zan rungume ta. In ba ko ɗaya, zan dawo Juma'a ta sama, ka san ni da naci.

Naka tun daga layin rawa, naka a sama, naka a ƙasan matakala inda nake zaune yanzu ina jiranka, wanda bai taɓa duban wani ba kuma ya tsufa da yawa ya fara,

Salvatore